Me Ke Fitar da Mutum Daga Daji? Maganar Tubabbu a Gabashin Sakkwato

A watan Yunin 2025 gwamnatin Jihar Sakkwato, ta bakin mai ba gwamna shawara kan harkar tsaro, Kanar Ahmed Usman mai ritaya, ta ce ƙofarta a buɗe take ga ɗan bindigar da ya ajiye makami da gaske. Ba a daɗe ba, cikin watan Agusta, Sheikh Musa Yusuf Asadus-Sunnah ya ba da labarin cewa shi da wasu malamai sun gana da jagoran 'yan bindiga Bello Turji a dajin Fakai, har Turji ya saki mutum 32 ya kuma miƙa wasu makamai. Rundunar tsaro ta fito ta ce Turji bai miƙa wuya ba. Tun daga nan gardama ba ta kwanta ba a majalisun Wurno, da tashar Goronyo, da rumfunan kasuwar Rabah. Wasu na cewa wanda ya ɗanɗana jini ba ya tuba har abada, a bar bindiga ta yi magana. Wasu na cewa a tura malamai su yi musu wa'azi, a ba su Alƙur'ani su dafa, magana ta ƙare.

Mutanen wannan yanki suna da hurumin yin zafi. A Tabanni ta ƙasar Gandi, cikin ƙaramar hukumar Rabah, an kashe sama da mutum 30 a watan Yulin 2018, waɗanda suka tsira suka cika garin Gandi suna gudun hijira. Ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo tana tsakiyar ci, gwamnatin jiha ta ƙirga gawa 43, kuma a lokacin an datse layukan waya a yankin, ko kiran agaji ba ya yiwuwa. Wanda ya wanke ɗan'uwansa a irin wannan rana, ba za ka zo masa da maganar afuwa ya saurare ka da sanyin rai ba.

Duk da haka, ɓangarorin biyu suna tafka kuskure guda, kuma shi ne ke damuna. Dukansu sun ɗauka cewa sai zuciyar mutum ta sauya tukuna sannan ƙafarsa take fitowa daga daji. Masu cewa a kashe sun yanke cewa zuciyar ba za ta sauya ba. Masu cewa a yi wa'azi sun ɗauka za ta sauya a zama ɗaya. Waɗanda suka kwashe shekaru suna hira da tsofaffin mayaƙan ƙungiyoyin ta'adda sun gano cewa galibi ƙafa ce ke riga zuciya fita. Mutum yakan gudu saboda yunwa, ko tsoro, ko takaicin shugabansa, alhali aƙidar tana nan a kansa. Daga baya, idan ya samu wurin zama da mutanen da za su riƙe shi, sai aƙidar ta riƙa sakinsa a hankali. Wani kuma har ya mutu ba ta sake shi gaba ɗaya ba, amma bai ƙara ɗaukar bindiga ba.

Masanin halayyar ɗan Adam John Horgan ya gina littafinsa na 2009 a kan wannan bambanci tsakanin barin ƙungiya da barin aƙida. A 2017 shi da Mary Beth Altier da abokan aikinsu suka tace littattafan tarihin rayuwa 87 na mutanen da suka taɓa zama a ƙungiyoyin ta'adda iri-iri. Abin da ya fi yawan fitowa a bakinsu shi ne yankewar ƙauna: daga salon yaƙin ƙungiyar, daga shugabanninta, daga abokan gwagwarmaya, daga aikin da aka ɗora musu. Rashin yarda da aƙidar kanta ya zo a baya.

A nan Afirka ma haka zancen yake. A 2023 hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ta fitar da rahoto bayan hira da kusan mutum 2,200 a ƙasashe takwas, har da Najeriya da Nijar da Mali da Chadi, fiye da 1,000 daga cikinsu tsofaffin 'yan ƙungiya ne. Cikin waɗanda suka shiga da ƙafarsu, kashi 25 cikin 100 sun ce neman aikin yi ne babban dalilinsu. Addini ya zo na uku da kashi 17. Kusan rabinsu sun ce akwai wani abu takamaimai da ya faru ya tunzura su, kuma kashi 71 cikin 100 na waɗannan sun ambaci zaluncin jami'an tsaro, kamar kashe ko kama wani nasu. Da aka tambayi waɗanda suka fita da kansu me ya fitar da su, sai suka ce abin da aka yi musu alkawari, musamman kuɗi, ba su gani ba, kuma sun daina amincewa da shugabanni.

A tsaya a duba yadda wannan yankewar ƙauna take faruwa a cikin sansani, domin nan ne sirrin yake. An ce wa yaro zai yi jihadi, zai samu babur da mata da matsayi. Ya je ya tarar ganima tana tsayawa a hannun amir da na kusa da shi, shi kuwa sai gadi cikin sauro da ɗibar ruwa. Amir na da mata da yawa da janareta da magani, ɗan wani mayaƙi kuwa zazzaɓi ya kashe shi don babu ko ƙwaya ɗaya. Aka tura shi ƙauye aka ce mutanen cikinsa kafirai ne, ya isa ya ji ana kiran sallar Asuba, ya ga tsohuwa mai kama da kakarsa tana alwala. Wata rana aka yanka abokinsa a gaban jama'a bisa zargin leƙen asiri, ba shaida ba shari'a. Daga ranar ya fara lissafin cewa gobe shi ne. Babu malamin da ya yi masa wa'azi a duk wannan. Ƙungiyar ce da hannunta take rushe abin da ta gina a ransa.

Tarihin Boko Haram cike yake da wannan. A farkon 2012, bayan harin Kano na 20 ga Janairu da ya ci rayuka kusan 185, mafi yawansu Musulmi, ƙungiyar Ansaru ta bayyana ɓallewarta tana zargin shugaban Boko Haram Abubakar Shekau da zubar da jinin Musulmi. A watan Agustan 2016 Abu Mus'ab al-Barnawi, ɗan Muhammad Yusuf wanda ya kafa Boko Haram, da Mamman Nur suka raba gari da shi kan kama-karya da kafirta talakawa da dasa bam a masallatai da kasuwanni. Sai dai a lura: waɗannan sun bar Shekau ne, ba su bar ta'addanci ba. Sun sauya tuta suka ci gaba da kisa, shi kansa Mamman Nur mutanensa ne suka kashe shi a 2018. Wannan ya isa ya nuna cewa ɓacin rai da shugaba yana iya kai mutum gida, yana kuma iya kai shi wata dabar da ta fi ta farko iya tsari. Abin da ke raba hanyoyin biyu shi ne ko akwai ƙofar da zai bi ya fito da ransa.

An ga haka ƙarara bayan mutuwar Shekau a dajin Sambisa a watan Mayun 2021. Cikin 'yan watanni dubban mutane suka riƙa fitowa suna miƙa kansu a Bama da Gwoza da Mafa da Konduga, har alƙaluman hukuma suka haura 100,000. Ba a yi wata babbar muƙabala a daren da Shekau ya mutu ba. Wanda suka yi wa mubaya'a ne ya tafi, mayaƙan ISWAP, ɓangaren al-Barnawi, suka ba su zaɓi tsakanin biyayya da mutuwa, yunwa ta yi yawa, kuma labari ya isa daji cewa waɗanda suka riga su fita ba a kashe su ba. Wannan labari na ƙarshe shi ne mafi ƙarfi. Kiran waya ɗaya daga tsohon abokin yaƙi, yana cewa ga ni a Maiduguri da raina, ya fi takardu dubu da jirgi zai watsa a daji. Haka kuma dole a faɗa cewa mafi yawan waɗannan mutane mata ne da yara da manoman da aka tsare a yankunan ƙungiyar. Mayaƙa na ainihi tsiraru ne a cikinsu. Duk wanda ya kira su tubabbun 'yan ta'adda gaba ɗaya ya zalunci wasu, ya kuma ɓoye wasu.

To ina matsayin malamai? Yana nan, kuma babba ne, amma a san lokacinsa. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka harbe a masallacin Ɗorayi a Kano a Afrilun 2007, da Sheikh Muhammad Auwal Albani Zariya, wanda aka kashe a Fabrairun 2014, sun warware shubuhohin Muhammad Yusuf da hujja, kaset-kaset ɗinsu suna nan. Sun kare dubban matasa daga shiga, kuma ba a iya ƙirga wanda bai shiga ba. Amma wanda ya riga ya shiga, yana cikin zafin nasara, kunnensa a toshe yake. Hujja tana shigarsa ne bayan shakka ta riga ta tsaga masa zuciya. A Masar, shugabannin Jama'atul Islamiyya sun sanar da tsagaita wuta daga kurkuku a 1997, shekarar da wasu mayaƙansu suka kashe mutum 62 a Luxor jama'a suka juya musu baya. Littattafan da suka rubuta suna warware tsohuwar fahimtarsu ba su fito ba sai 2002. Dakatar da yaƙi ya riga gyaran aƙida da shekara biyar. A Indonesiya ma, Nasir Abas, babban kwamandan Jama'a Islamiyya, kisan fararen hula a Bali a 2002 ya dame shi, amma abin da ya sha faɗa shi ne mutuncin da 'yan sanda suka riƙe shi da shi bayan kama shi a 2003 ya buɗe masa ido. Ƙungiyar tasu ba ta sanar da rusa kanta ba sai a Yunin 2024.

Mu a Sakkwato ba ma buƙatar aron hujja daga nesa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi rubuce-rubuce masu yawa yana raddi ga ɗaliban zamaninsa da suke kafirta talakawa don ba su iya jero dalilan ilmin tauhidi ba, kuma Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya na cikin littattafan da ya taɓo wannan. Kafirta Musulmi shi ne ginshiƙin da Shekau ya tsaya a kai, shi ne kuma ke halatta wa duk mai irin wannan aƙida dukiyar manomi da jininsa. Abin takaici ne a ce waɗannan littattafai suna ajiye a ɗakin tarihi na Waziri Junaidu da zaurukan malamai, yaron ƙauye kuwa bai taɓa jin an karanta masa su da Hausa ko Fulfulde a rediyo ba.

Sai dai a nan dole a rarrabe, domin gwamnati ta zuba kowa a buhu ɗaya. Kotu ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a ƙarshen 2021, ta ayyana Lakurawa haka a Janairun 2025. A doka sunansu ɗaya, amma ciwonsu daban. Lakurawan da ke Tangaza da Gudu suna da'awar addini, suna karɓar abin da suke kira zakka, suna dukan matasa kan aski da kiɗa, suna jan yara da kuɗi. Turji da yaransa, waɗanda suka addabi Isa da Sabon Birni har zuwa Goronyo da Rabah da Wurno, ba aƙida ce ta kai su daji ba. Suna maganar shanun da aka sace, da 'yan'uwan da 'yan sa-kai suka kashe, sannan kuɗin fansa da harajin gona suka zama sana'a. Binciken da Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya yi tare da James Barnett da ɗan jarida Abdulaziz Abdulaziz, wanda aka wallafa a farkon 2022, ya nuna cewa masu da'awar jihadi sun sha wahalar shawo kan 'yan bindigar arewa maso yamma, domin 'yan bindiga ba sa son a ɗora musu doka da shugaba ɗaya. Saboda haka wanda aka tura ya cire wa yaron Turji aƙida zai tarar babu aƙidar da zai cire. Abin da ke riƙe da shi kuɗi ne, da ƙwaya, da gaba, da tsoron cewa ranar da ya shigo kasuwa ba bindiga, ranar za a kashe shi.

Wannan ya sa sulhun da aka riƙa yi da manyan 'yan bindiga yake wargajewa. A tuna da Auwalu Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020. A Fabrairun 2021 ya zo Gusau ya miƙa bindigogi, ya dafa Alƙur'ani a gaban kyamarori. Kafin ƙarshen Afrilu ya koma daji, 'yan kwanaki bayan haka wata daba ta kashe shi. An yi bikin rantsuwa, amma dabarsa tana nan, hanyar kuɗinsa tana nan, abokan gabarsa suna nan. Babban ɗan daji da ke karɓar miliyoyi ba shi da dalilin fita, kuma duk sulhun da ya bar masa makamai da yara, hutu ne aka ba shi ya sake shiri. Wanda ke da dalilin fita shi ne na ƙasa: yaron da aka sace yana kiwo aka ɗora masa bindiga, mai kai musu burodi da fetur da ya nutse bai shirya ba, matar da aka aurar da ita dole. Su ne suka fi yawa, su ne kuma ba a kiran su teburin sulhu.

Fitar ma ba ita ce ƙarshen wahala ba. Duk manomin albasa a fadamar Wurno ko bakin dam ɗin Goronyo ya san cewa cire iri daga wurin reno ba shi ne aikin ba. Kwanakin farko bayan dashe su ne masu haɗari: ganye ya langaɓe, saiwa ba ta kama ba, idan ruwa ya yanke na kwana biyu an yi asara. Haka wanda ya fito daga daji yake. Ya rabu da waɗanda yake ci da su yake kwana da su, ba shi da sana'a, dare ya yi ba ya barci, jikinsa na neman ƙwaya, garinsu ba sa son ganinsa, tsohon ogansa kuma na kiransa a waya. Idan watannin nan suka wuce ba wanda ya riƙe shi, zai koma inda ya saba.

Shirin Operation Safe Corridor, wanda aka kafa a 2016 da sansani a Malam Sidi ta Jihar Gombe, an tsara shi ne don wannan gaɓa: kimanin wata shida na nasiha daga malamai, da kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, da raba mutum da ƙwaya, da koyon aski ko ɗinki ko walda ko kafinta. A 2025 an buɗe reshensa na arewa maso yamma a Tsafe ta Jihar Zamfara. Jamhuriyar Nijar ta yi irinsa a Gudumariya ta yankin Diffa bayan tayin afuwa na ƙarshen 2016. Amma rahoton ƙungiyar International Crisis Group na Maris 2021 ya nuna raunin shirin namu: tantancewa ba ta da kyau har fararen hula da yawa suka tsinci kansu a ciki, wasu sun daɗe a tsare cikin mummunan hali kafin a kai su, kuma ba a shirya garuruwansu don karɓarsu ba. Ko Saudiyya, da duk kuɗin da ta zuba a cibiyarta ta gyaran tunani, Sa'id al-Shihri ya bi ta cikinta ya fito ya zama mataimakin shugaban Alƙa'ida a Yaman a 2009. Babu shirin da ba a samun mai komawa ruwa. Abin tambaya shi ne wa ke bibiyar mutum bayan an sallame shi, kuma har tsawon wane lokaci.

Akwai abu ɗaya da jami'anmu ke tsallakewa, alhali duk wanda ya yi karatun zaure ya san shi. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, ɗan fashin da ya zo ya tuba kafin a kama shi, haddin fashi ya faɗi daga kansa, amma haƙƙin mutane na jini da dukiya yana nan a wuyansa. Malamanmu sun buɗe ƙofar dawowa tun ƙarnoni da suka wuce, ba su kuma taɓa cewa gwamna ko kwamanda na da ikon yafe jinin da ba nasa ba. Abin da ke ƙona ran mutanen Gandi da Goronyo ke nan: su ga an ba wanda ya ƙone musu rumbu keken ɗinki da jari, su kuwa ba wanda ya tambaye su sunan mamacinsu. Shirin da bai sa waɗanda aka zalunta a gaba ba, shi da kansa yake rufe ƙofar da ya buɗe, domin garin da aka yi wa haka ba zai karɓi kowa ba.

Haka kuma kowane kuskuren jami'an tsaro ma'aikacin ɗaukar sabbin mayaƙa ne. Bam ɗin jirgin yaƙi da ya faɗa wa ƙauyuka biyu a ƙaramar hukumar Silame ranar 25 ga Disambar 2024, ya kashe aƙalla mutum 10, da kisan Bafulatani a kasuwa don kawai kamanninsa, duk suna isa daji kafin gari ya waye, kuma suna gaya wa mai tunanin fitowa cewa ya zauna inda yake. Matsin lambar soja wajibi ne. Ba don shi ba da mutanen Sambisa ba su fito ba. Amma matsi yana aiki ne idan wanda aka matsa ya san akwai inda zai bi.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke Wurno tun 1837, ya kafa garin a matsayin ribaɗi, ya kuma bi siyasar zaunar da makiyaya a garuruwa masu ganuwa, da masallaci da makaranta da sana'a, don ya san mutumin da ba shi da mazauni da abin yi yana da sauƙin ja zuwa fitina. Jikokin waɗanda ya zaunar su ne mu.

Don haka kirana ga gwamnatin Sakkwato da Majalisar Sarkin Musulmi da shugabannin ƙananan hukumomin gabas shi ne, kafin a sake kiran 'yan jarida bikin miƙa makamai, a sanar da jama'a wurin da yaron da ke son gudowa zai kai kansa ba tare da an kashe shi a hanya ba. A tantance wanda aka tilasta da wanda ya ba da umarnin kisa, na biyun ya tsaya gaban alƙali. A rubuta sunayen waɗanda aka kashe da dukiyar da aka ƙone a Rabah da Goronyo da Wurno, a fara biyan magadansu kafin a ba tubabbe ko sisi. Kuma a sa hakimai da limamai da arɗo-arɗo cikin bibiyar duk wanda aka sallama, shekara da shekaru, ba wata shida ba.